Mashin ɗin da ba ya tsayawa sai da cok

Ciwon mashin ɗina iri biyu ne, kuma kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Idan na tsaya a danja na saki totur, sai ya yi tari ya mutu, ko da kuwa injin ya ɗau zafi tun daga Aboabo har Kejetia a nan Kumasi. In na ɗaga cok rabi, sai ya zauna lafiya lau. Duk wanda ya ɗan san inji zai ce maka wannan alamar ƙarancin mai ce. To amma in na kwance fulogi sai in tarar da shi baƙi ƙirin da kunkunniya, tanki yana ƙarewa tun lokacinsa bai yi ba, salansa kuma tana warin ɗanyen fetur. Wannan kuwa alamar mai ya yi yawa. Ta yaya inji ɗaya zai yi kukan yunwa da kukan ƙoshi a lokaci guda? Wannan tambayar ce ta hana ni sakat.

Mashin ɗin na hannu ne, na saye shi wajen wani ɗan'uwa da zai koma Bawku. Ɗan China ne mai injin 150, irin waɗanda aka kwaikwayo daga CG125 da Honda ta fitar a tsakiyar shekarun 1970 don ƙasashen da hanya ba kyau, gyara kuma sai a bakin titi. Silinda ɗaya, bawul biyu, kafireto mai sauƙin kai. Da yawa daga cikin mashinan da ke zirga-zirga a zangunan Kumasi, har da aboboya masu kwasar kaya, jikokin wannan injin ne. Ni tela ne, aikina da shi kai ɗinki Asawase da Tafo, da ɗauko yadi da zare daga kasuwa. Tafiya ce ta tsaya-ka-tashi, ba ta miƙaƙƙiyar hanya ba, shi ya sa mutuwar silo, wato mutuwar inji in an saki totur, ta fi mini komai ciwo. Ka mutu a tsakiyar shataletale, direban trotro yana danna maka ham yana zazzaga maka Tonanci, kai kuma kana ta buga kik da ƙunshin kaftani a bayanka.

Akwai kuma ɗabi'a ta uku da ban ɗauke ta komai ba da farko. Wani lokaci in na murɗa totur na saki, ƙarar ba ta sauka nan take. Sai ta maƙale a sama tana ihu, ta jima, sannan ta gangaro a hankali har ta wuce inda ya kamata ta tsaya, injin ya mutu.

A majalisarmu ta bayan la'asar kowa likita ne. Wani ya ce batir, alhali mashin ɗin da kik nake tayar da shi. Wani ya ce in canja mai. Mafi yawa suka ce, "Ƙara masa silo kawai." Sukurun silo shi ne wanda ke gefen kafireto, mai sifirin a jikinsa, wanda ana iya murɗa shi ko da yatsa. Ba ya ƙara mai, ba ya rage iska. Abin da yake yi kawai shi ne ya ɗan tokare fistin ɗin totur ya hana shi sauka ƙasa gaba ɗaya, wato kamar ka riƙe totur kaɗan da hannunka. Da na leƙa nawa sai na ga sifirin ɗin ya matse tam, an riga an ɗaure sukurun kusan ƙarshe tun kafin mashin ɗin ya zo hannuna. Ashe an daɗe ana bin wannan shawarar, har ta ƙare. Na bar shi yadda na gan shi.

Na fara da abin da zan iya yi a ƙofar shago da kayan gyaran keken ɗinki. Fulogi na goge shi da buroshi, na duba tazarar bakinsa, wadda a irin wannan injin take tsakanin milimita 0.6 da 0.7. Na jingina shi da jikin inji na buga kik, wuta ta fito shuɗiya mai ƙarfi. To ba wuta ba ce. Na buɗe akwatin iska na zaro soson. Ƙurar hunturu ta bara tana nan a jikinsa, ta haɗu da mai ta zama ja kamar an shafa masa jar ƙasa. Na wanke shi da kananzir, na matse ba tare da na murɗe shi ba don kada ya yage, na shanya, na ɗiga masa man inji kaɗan na sake matsewa. Soson da ya toshe yana shaƙe inji ya sa ya ja mai fiye da ƙima, don haka na yi zaton na kama mai laifin baƙin fulogi.

Sai na koma ƙasan kafireto. Akwai ɗan sukuru a gindin kwanon da mai ke taruwa, in ka sassauta shi man ciki zai zubo ta wani siririn tiyo. Na tara kwalbar gilashi mai haske. Da na ɗaga ta a rana sai ga ƙwallayen ruwa kwance a ƙasa suna birgima, ga garin tsatsa a kansu. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi ya sa yake zama a gindin kwano, daidai inda bakin jet, wato ɗan bututun da mai ke bi ya hau, yake tsotsa. Damina ta riga ta sauka a lokacin, mashin ɗin kuma a waje yake kwana, robar murfin tanki ta tsage. Na bar man yana zuba har ya fito garau, na cire tiyon da ke zuwa daga tanki na buɗe makunnin mai, na ga yana zuba sosai ba ɗigo-ɗigo ba. Na ɗaure komai.

Ya ɗan samu sauƙi. Tarin da yake yi a kan gudu ya ragu. Amma silo na nan yadda yake: saki totur, mutu, ɗaga cok, zauna. Fulogin da na goge kuma bai jima ba ya sake yin baƙi. Daga nan na san abin ya fi ƙarfin sukundireban tela.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, abokin mahaifina ne, wanda ya yi koyon aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, tun yana saurayi, ya yi shekaru a kan injin mota kafin ya dawo gida ya buɗe rumfar gyaran mashin. Yaransa Masta suke ce masa, ni kuwa Baba na tashi ina kiransa. Rumfar kwano ce da benci ɗaya, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ga gwangwanayen madara jere cike da notina.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa ɗana, sannu. Ya mutan gida? Ya ɗinki?"

Bayan gaisuwa na zayyana masa komai. Bai taɓa mashin ɗin ba tukuna. Tambayoyi ya yi ta yi: da sanyi ya fi mutuwa ko da zafi? In ka saki totur, ƙarar faɗuwa take yi ko maƙalewa? In kana gangara ka saki totur, salansa tana harbi? Wa ya taɓa buɗe kafireton? Da na ce masa ƙarar tana maƙalewa a sama, sai ya gyaɗa kai.

"Iska ce ke shiga ta inda ba a gayyace ta ba. Amma ba da kafireto za mu fara ba. Bar shi ya kwana nan."

Na ce, "Baba, ina da ɗinkin da zan kai gobe."

"Ka hau pragya, keken haya mai ƙafa uku. Bawul ba a auna shi da zafi."

Raina bai so ba, don ni a ganina kafireto ne ke ciwo, me ya kawo bawul? Washegari da sassafe na dawo na zauna na kalli aikin. Yaro ya cire murfin kan inji, ya buɗe ɗan ramin da ke gefen hagu, ya riƙa juya injin a hankali har alamar T ta zo daidai da layi, a bugun da bawul biyun suke rufe. Baba ya kama hannun bawul na shiga ya girgiza, ya ɗan yi ƙas-ƙas. Ya kama na fita, ko motsi. Ya zaro ma'auninsa, irin siraran ƙarafan nan masu kama da reza da ake zurawa a tsakani, ya nemo mai lamba 0.08. A na shiga ya wuce da ɗan ja. A na fita ya ƙi shiga sam.

Ya yi mini bayani yana sassauta noti. Bawul yana dukan mazauninsa sau dubbai a minti ɗaya, a hankali yana nutsewa ciki, tazarar da aka bar masa tana cinyewa. Idan ta ƙare, da inji ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, bawul ba zai rufe ruf ba, matsin cikin silinda sai ya riƙa zurarewa. A kan gudu ba za ka ji sosai ba. A silo kuwa, inda injin ke tafiya da ƙyar, nan take zai nuna. Ya ce masu mashin su ne ke jawo wa kansu, sai su zo su ce a kashe musu ƙarar bawul, su fi son inji shiru. Shi kuwa ya fi yarda da bawul mai ɗan surutu. Kuma duk wanda ya daidaita kafireto a kan matsattsen bawul, aikin banza ya yi, don gobe sai ya sake.

Aka gyara, aka rufe, aka tayar. Kik ya ƙara nauyi a ƙafa, na ji da kaina. Yaro ya zagaya da shi har ya yi zafi. Ya dawo ya saki totur. Injin ya daɗe fiye da da, ya yi ta rawa, sannan ya mutu. Baba ya ce to, an cire ɗaya.

A nan ne ya sa na fahimci abin da cok yake yi, abin da na yi shekaru ina amfani da shi ban taɓa tambaya ba. Inji yana son iska da fetur a wani gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Da safe ƙarfe yana da sanyi, fetur ba ya tashi ya zama tururi yadda ya kamata, wani ya manne a bangon bututun da ya haɗa kafireto da kan inji, abin da ke isa silinda sai ya zama salam, wuta ba ta kama shi. Cok a irin kafiretona wani faifan ƙarfe ne a bakin da iska ke shiga. In ka ɗaga hannunsa sai faifan ya rufe bakin, injin ya ja, iska ta ƙi zuwa, sai ya tsotso mai da yawa a madadinta. Aikinsa ke nan, na ɗan lokaci kafin ƙarfe ya ɗumama. A Kumasi, inda sanyin kirki sai hunturu, mashin mai lafiya sau da yawa ko cok ɗin ba ya nema.

"To in inji ya yi zafi yana neman cok," in ji Baba, "kokonsa ne aka tsinka da ruwa. Ko gasara ta yi kaɗan, ko ruwa ya yi yawa. Mu nemo wanne ne."

Ya fara da neman iskar. Aka tayar da injin, yaro ya riƙe totur kaɗan don kada ya mutu. Baba ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto, ya sa aka matsar da galan ɗin fetur nesa, ya ce wa mai shan sigarin da ke zaune a benci ya tashi ya ba mu wuri. Ya fesa kaɗan a inda bututun ya haɗu da kan inji. Shiru. Ya fesa a inda kafireto ya haɗu da bututun, ta sama. Shiru. Ya sunkuya ya fesa ta ƙasa. Nan take ƙarar ta canja, ta yi sama ta dawo. Ya sake, ta sake. Injin yana shaƙar feshin ta wata kafa da ido ba ya gani. Wannan gwajin ina ba da shawarar a bar wa wanda ya saba, don feshin yana kama wuta, injin kuma da zafi.

Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta cikin kafireto ba, don haka ba ta ɗauko mai ba. A kan gudu ba ta da wani tasiri, saboda iskar da ke bin hanyar gaskiya ta ninka ta nesa ba kusa ba. A silo kuwa fistin ɗin totur ya kusa rufewa, jan da ke bayansa ya yi ƙarfi, sai ɓarauniyar kafar ta zama babbar ƙofa. Maƙalewar ƙarar nan da nake ji, daga nan take, haɗe da sukurun silo da aka ɗaure fiye da kima.

Aka rufe makunnin mai, aka kwance kafireton, aka ɗora a kan faranti. A fuskar da ke manne da bututu akwai wani zoben roba a cikin kwarminsa. Nawa ya daskare ya baje, da Baba ya sa farce sai ya karye gida biyu. Ya ɗora bakin ruula a kan fuskar ya ɗaga sama, haske yana wucewa ta tsakiya. Wani ya taɓa ɗaure notinan biyu da ƙarfin tsiya don ya toshe yoyon, sai kunnuwan suka lanƙwashe, tsakiya ta buɗe. Maganin da ya yi ya burge ni. Ya ɗauko guntun gilashin taga, ya shimfiɗa takardar yashi mai laushi a kai, ya ɗiga mai, ya kifa fuskar kafireton yana zagayawa da ita a hankali, yana ɗagawa yana dubawa. Da farko kunnuwan ne kawai suka yi haske. A hankali hasken ya riƙa matsowa ciki har fuskar duka ta zama launi ɗaya. Bai yi gaggawa ba, bai kuma daina hira da mai koko da ke wucewa ba.

Sai kwano. Da aka buɗe, duk da zubarwar da na yi, akwai jan laka a kusurwoyi. A ciki jet biyu ne na tagulla. Babban gajere ne, raminsa ana gani da ido, shi ke aiki in an buɗe totur sosai. Ƙaramin dogo ne siriri mai ƙananan huji a gefe, shi ke ciyar da inji daga silo zuwa wajen kwata na totur. Tsakanin nan kuma allurar da ke rataye a fistin ce ke mulki. Baba ya miƙo mini babban ya ce in duba ta rana. Na ga haske zagaye. Ya miƙo ƙaramin. Na juya, na kanne ido ɗaya, da ƙyar na hango wani ɗigon haske a gefe guda. Ramin nan bai kai rabin milimita ba tun asali, ƙwayar tsatsa ɗaya ta ishe shi.

Yaron ya zaro waya daga buroshin ƙarfe zai zura. Baba ya buge masa hannu.

"Sau nawa zan faɗa maka? Ƙarfe yana cin tagulla."

Ya ce in ka buɗa ramin ko kaɗan, ka canja lambar jet ɗin har abada, mashin zai riƙa shan mai, mai shi kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. Shi sai ya jiƙa shi a ruwan feshin, ya feɗe tsohuwar wayar lantarki ya zaro silin jan ƙarfe guda mai laushi, ya zura a hankali, sannan ya hura da iskar kwamfireso. Da na sake dubawa, hasken ya zama zagaye tsaf. Bai tsaya a jet ba. Ya cire sukurun haɗi, wanda ke daidaita haɗin mai da iska a silo, ya fesa ta raminsa yana kallon inda ruwan zai ɓullo a cikin maƙogwaron kafireto, don hanyar da ke cikin gangar jikin ma tana toshewa, kuma mutane da yawa jet kawai suke wankewa su mayar. Kafin ya cire sukurun ya ɗaure shi a hankali yana ƙirga zagaye, don ya san inda ya same shi. Ya same shi a buɗe fiye da zagaye huɗu, alamar wani ya yi ta neman mai ta nan bai samu ba. A bakin sukurun ya kamata a ga sifirin, da ɗan washa, da ƙaramin zoben roba. Sifirin kaɗai ya fito.

To duk wannan ya bayyana yunwar. Saura ƙoshin. Na tuna masa da baƙin fulogi. Ya ce rabin cok ɗin da nake yawo da shi a cikin gari ya isa ya baƙanta fulogi, amma bari ya gani. Ya juya kafireton ya leƙa ta bakin iska, ya sauke hannun cok har ƙasa, ya miƙo mini.

"Me ka gani?"

Faifan bai kwanta ba. Hannun yana ƙasa, a inda kowa zai rantse cok a kashe yake, amma faifan ya tsaya a karkace, ya tare wani sashe na hanya. Ramin hannun da ke riƙe sandar faifan ya cinye, ɗan sukurunsa ya yi sako-sako, sai hannun ya riƙa tafiya shi kaɗai ya bar faifan a baya. A silo wannan karkatar ba ta yin komai, don iskar da ake buƙata kaɗan ce, tana wucewa ta gefe. Amma da ka buɗe totur, iska mai yawa ta taho ta ci karo da shi, sai injin ya koma tsotsar mai. Ashe mashin ɗin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. A tsaye yunwa yake ji, a guje kuma ana yi masa ɗura. Baba ya samo hannun wani mataccen kafireto a cikin tarkacensa, ya ɗaura, ya gwada matakan uku, rufe, rabi, buɗe, kowanne yana shiga da ɗan ƙas.

Babban yaron shagon ya ce da ni ne shi, da sabon kafireto zai saya a huta, tunda ba tsada gare su ba. Maganarsa ba ta rasa gaskiya. Akwai kafireton da ya wuce gyara, wanda fistinsa ya cinye yana kaɗawa a cikin gidansa, ko wanda aka karya bakin sukurun haɗi a cikin rami. Wannan sai sabo. Amma ni na ga abin da ya faru da maƙwabcina da ya bi wannan hanyar: sabon ya zo da jet da ba lamba a jikinsu, ba wanda ya san girmansu, aka ɗaura shi a kan tsohon bututu mai yoyo, ciwon ya dawo a mako. Kuma ko da na sayi sabo a ranar, da bawul ɗina yana nan a matse, tankina yana nan yana aiko da tsatsa.

An duba abin da ke iyo a cikin kwano, wanda ke rufe mai in ya cika. Baba ya girgiza shi kusa da kunne, ba mai a ciki, bai huje ba. Bakin allurarsa na roba bai yi zobe ba. Bayan an haɗa an ɗaura da sabon zoben roba, notinan biyu kuma an ɗaure su bi da bi ba da ƙarfi ba, sai ya sa tiyo mai haske a mazubar kwanon, ya lanƙwaso shi sama a jikin kafireto, ya buɗe. Man ya hau ya tsaya ɗan ƙasa da layin da kwano ya haɗu da gangar jiki. Ya ce nan ne wurinsa. In ya wuce sama, inji zai sha mai har ya riƙa zubarwa. In ya yi ƙasa sosai, ƙaramin jet ne zai fara jin ƙishi. Ya kuma sa mini 'yar matatar mai a tsakiyar tiyon da ke zuwa daga tanki.

Daidaitawar ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi gajarta. Ya ɗaure sukurun haɗi har ya taɓa ƙasa, taɓawa kawai ba matsewa ba, don bakinsa tsini ne. Ya buɗe zagaye biyu. Ya sassauta sukurun silo sosai. Ya ce in hau in je har shataletalen filin jirgi in dawo. Da na dawo injin ya yi zafi, ya sa mashin a tsaye a kan ƙafa biyu, ya ɗan ɗaga silo yadda ba zai mutu ba, ya tsuguna da guntun sukundireba, don sukurun a ƙasa yake, kusa da inji mai ƙuna. Kwata ya murɗa, ya jira. Kwata, ya jira. Ƙarar ta ɗan hau. Ya ci gaba har ta fara sauka tana nauyi, ya koma baya har ta fara rawa, sannan ya tsaya a tsakiya inda ta fi tsayi da santsi. Daga nan ya sauke ta da sukurun silo. Littafi yana cewa wajen juyi 1,400 a minti. Shi ba shi da agogon aunawa, kunne ne.

Ya nuna mini wata ƙa'ida da ta raba ni da ruɗanin majalisa, inda wani zai ce buɗe sukuru ƙara mai ne, wani ya ce ƙara iska ne, a yi ta musu. Duka biyun suna iya zama daidai. In sukurun yana ɓangaren inji, kamar nawa, mai yake aunawa, buɗewa ƙara mai ne. In yana ɓangaren akwatin iska, iska yake aunawa, buɗewa rage ƙarfin mai ne. Kuma in sai ka buɗe fiye da zagaye uku kafin inji ya zauna, ko kuma kana murɗawa ba abin da ke canjawa, to bar sukurun, ciwon yana wani wuri.

Ya murɗa totur ya saki. Ƙarar ta hau ta faɗo nan take ta zauna. Ya juya kan mashin hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, yana saurare ko wayar totur za ta ja. A dama ta ɗan ɗaga. Ya sassauta wayar ya bar mata wasa kaɗan a hannu, kamar milimita 2 zuwa 6 da ake so. Sannan gwajin ƙarshe: ya ɗaga cok a kan zafin nan. Injin ya shaƙe ya mutu.

"Haka ake so," in ji shi. "Mai lafiya ba ya karɓar cok da zafi."

Na tambayi kuɗin aiki, ya ce in biya kayan da aka saya, in ba yara na koko, sauran kuma akwai rigar Juma'arsa da aljihu ya yage.

Yanzu da safe in an kwana ana ruwa, nakan ɗaga cok duka, in buga ba tare da na taɓa totur ba, da ya kama in sauke rabi, kafin in gama ɗaure kaya in sauke gaba ɗaya. Ranar da gari ya yi ɗumi ko taɓa shi ba na yi. Wani abokina da na kwatanta wa haka ya ce nasa ba faifai ba ne, wani maɓalli ne da ake ja sama. Wannan wani tsari ne daban: ba ya rufe iska, wata ƙaramar hanyar mai yake buɗewa, kuma in ka murɗa totur lokacin tayarwa ka kashe masa ƙarfin ja. Ciwonsa shi ne robar bakinsa ta tsufa ta riƙa yoyon mai ko an mayar da shi. Fulogina bayan an sha yawo ya koma launin ƙasa-ƙasa, man da ke kai ni Laraba yanzu yana kai ni Juma'a.

Robar murfin tanki na canja ta, mashin kuma ya koma kwana a zaure. Tankin kansa ne ba a taɓa ba. Matatar da Baba ya sa ta riga ta fara ja a gindi, kuma ya ce in damina ta ɗauke in kawo a sauke tankin, a zuba masa notina da kananzir a girgiza, a shanya shi a rana.